Rasuwar Kwalin Ustaza Mahasin a Makon Kare Muhalli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya ɗan matse shi ya samu wurin zama, Ustaza Mahasin Harun, tsohuwar malamar kimiyya a wata sakandaren 'yan mata ta Wad Madani a Sudan, wadda yanzu ke zaune a hawa na huɗu a Hay el-Sabi', a madadin 'ya'yanta da jikokinta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan Alƙahira da na gida rasuwar kwalinta. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara ashirin da tara, a bayan ginin wani kamfanin ajiyar kaya da ke hanyar Abbasiya, a ƙarƙashin injin matse kwali, cikin makon da kamfanin ya raɗa wa suna Makon Kare Muhalli. Bai yi jinya ba. Ranar da ya mutu ma ya fi injin da ya kashe shi lafiya.

Ɗaliban fiƙihu na unguwa kada su wahalar da kansu wajen rubuto mata cewa ba a yi wa kwali ta'aziyya. Ta sani. Shekara talatin da ɗaya tana koya wa 'yan mata abin da ake yin takarda da shi, ta san kwali bai wuce ɓargon itace da gam da iska ba. Sai dai a jikin murfin wannan kwali, ta ciki, aka rubuta inda aka binne mijinta, Malam Ya'ƙub, kuma duk duniya babu wani wuri da aka rubuta shi sai nan. Ɗanta Isam zai hau jirgin ƙasa na Aswan ranar Alhamis mai zuwa, ya nufi gida neman kabarin mahaifinsa. Wanda ya ga wannan bai kai a yi zaman makoki ba, ya ajiye takardar nan ya ci gaba da sha'aninsa.

An haifi marigayin a wata masana'anta da ba a san sunanta ba. Ya shigo gidan Malam Ya'ƙub a shekarar 1996 ɗauke da talabijin mai inci ashirin. Ranar da aka sauke shi Malam ya ce a ba yara su yi mota da shi. Ustaza ta ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa, ta ji ya amsa da "dum", ta ce wannan mai bango biyu ne, ba na wasan yara ba ne. Talabijin ɗin ya yi shekara takwas yana nuna yayyafi fiye da labarai, sannan ya mutu. Kwalin da aka ce a jefar tun ranar farko, a cikinsa aka ɗauki gawar zuwa wajen mai gyara, kuma shi kaɗai ya dawo gida.

Daga nan ya shiga hidimar da bai huta ba har ƙarshen ransa. Ya ɗauki takardun jarrabawar 'yan mata tsakanin makaranta da gida zango bayan zango, bai taɓa fallasa makin kowa ba. Ya raka Isam jami'a a Khartum da littattafai, ya dawo da kayan wanki. Da zafi barguna ke kwana a cikinsa, da sanyi busasshiyar kuɓewa. Jikarta Malaz ta yi kwana tara a cikinsa tana jaririya, saboda kafinta ya yi alkawarin gado ranar suna, ya kawo bayan an watse. A shekarar 2009 akuyar maƙwabta ta ci masa kusurwa guda, aka yi masa aiki da salatif, ya miƙe. Tun daga lokacin, duk inda ya nuna gajiya sai a ƙara masa wani, har ya zama yana da salatif kala shida a jiki, kowace kala da shekararta.

Marigayin mai tsari ne. A gefensa akwai hoton laima da na kofin gilashi, wato tun ranar farko ya gaya wa duniya abin da ba ya so, ruwa da jifa. Akwai kuma kibiyoyi biyu masu nuna sama, kuma a gidan Ustaza ba a taɓa kifa shi ba. Ba shi da yawan magana. In an buɗe shi ya ce "ƙiiƙ", in an ja shi a kan siminti ya ce "shuuu", in an rufe shi ya sauke numfashi "fuf", ƙamshin sandal da tsohuwar takarda ya fito. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan, kuma ya fi na wasu shugabannin makarantu da Ustaza ta yi aiki a ƙarƙashinsu amfani.

Babban aikinsa ya zo a watan Disamba na 2023, da yaƙi ya shigo Madani. Ustaza ta zuba masa takardun shaida da maganin Malam da tufafi kala biyu-biyu, suka hau babbar mota da mutane sun kai arba'in, suka nufi Mai Wurno wajen dangi. Malam Ya'ƙub yana da ciwon sukari, allurarsa kuma ba ta jure zafin bayan mota ba. A rana ta biyu, bayan azahar, ya cika a gefen wani ƙauye da ba su san kowa a cikinsa ba. Direba ya ce zai jira zuwa la'asar, ba zai ƙara ba. Wani manomi mai suna Ja'afar ya kira maƙwabtansa, suka yi masa wanka da sutura, suka kai shi bakin gona. Ustaza ba ta bi su ba, tana zaune a inuwar mota tare da mata. Da Ja'afar ya dawo, ƙasa a hannunsa, ya ce a ba shi takarda. Matar da ta ƙare rayuwarta cikin takardu ta duba, babu ko guda da za a iya rubutu a kai. Sai ta buɗe murfin kwalin, ta miƙa masa jan biron da take ba da maki da shi. Ya tsuguna, ya fara da Bismillah kamar yadda yake fara duk abin da zai rubuta, ya sa sunan ƙauye da sunansa da lambar wayarsa, ya zana bishiyar gawo, ya zana magudanar ruwan gona, ya rubuta yawan takun da ke tsakani.

"Ki riƙe wannan, ya Hajja," in ji shi. "Mutum yana mantuwa. Ni ma ina iya mutuwa."

Haka marigayin ya ɗauki kabari a murfinsa ya bi da shi Mai Wurno da Gadarif da Atbara da Halfa, ya ƙetara zuwa Aswan, ya iso Alƙahira. An zauna a kansa, an ci abinci a kansa, wani jami'in kan iyaka ya soke shi da tsinken ƙarfe. Rubutun bai goge ko harafi ɗaya ba.

Masu hikima za su tambaya me ya hana a ɗauki hotonsa a waya. An ɗauka. Malaz ta ɗauka, aka zare wayar a cunkoson jirgin ƙasa na metro. Kafin nan ta tura wa Rayan, matar Isam, wayar Rayan ta cika da bidiyon biki, ta yi mata shara. Sai aka kwantar wa Ustaza da hankali cewa ai hoton yana can ajiye a sama, ba ya ɓata. Da aka je ɗaukowa aka ce sai an turo lambar sirri ta layin Sudan, layin kuwa ya daɗe da mutuwa. Wayoyi biyu da layi guda suka gaza a gidan nan, kwali guda yana zaune daram. Akwai tambaya ta biyu, wadda ta fi ciwo: me ya hana ita kanta ta kwafe da hannu? Amsar ita ce ba ta iya kallon murfin ba. Kusan shekara biyu, duk lokacin da ta buɗe kwalin sai ta kau da kai ta danne wannan ɓangaren da tafin hannu. Wannan laifin nata ne, ba ta neman wanda zai taya ta ɗauka.

Gidan Hay el-Sabi' ɗaki biyu ne, mutum tara. Banɗakin maƙwabtan sama yana ɗiga, ƙananan jikoki kuma sun gano daɗin ɓare salatif. Shi ya sa Isam ya samo kamfanin ajiya, irin wanda masu hali ke kama ɗaki guda da makullinsu, marasa hali kuma a ba su kanta mai lamba a babban zaure, makulli a hannun ma'aikata. Marigayin ya samu kanta ta ɗari biyu da sha huɗu. Wurin a bushe yake, babu ɓera, kuma Ustaza ba ta ƙi faɗin gaskiya ba, ya ji daɗin zamansa. Takan ziyarce shi Asabar ɗin farko ta kowane wata.

Cutar da ta yi ajalinsa ba a jikinsa ta fara ba, a jikin kamfanin ta fara. Manaja, wata matashiya mai fara'a da ake kira Madam Safa, ta je kwas na kwana uku ta dawo. Aka wayi gari an shafe ƙofa da koren fenti. Aka manna hoton ganye a kan kowane abu, har da tukunyar kashe gobara. Aka jera kwandunan shara uku masu kala uku, na takarda da na roba da na gwangwani, da yamma mai shara ya zo ya juye su duka a buhu guda. Aka sa fitilu masu hankali, waɗanda ke mutuwa in mutum ya tsaya cak, saboda haka tsohuwar da ta zo zama kusa da kwalinta na minti goma sai ta riƙa ɗaga hannu sama kamar wadda ruwa zai ci. A ofis kuwa na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki ƙofa a buɗe, don baƙi su hango allon da aka rubuta cewa kamfanin yana tattalin wuta. An rataya wani ƙaton ƙyalle a bakin titi mai cewa sun yi ban kwana da leda. Ustaza ta taɓa shi. Leda ce.

Duk wannan ta gani ta ƙyale, don ba gidanta ba ne. Abin da ba ta gani ba shi ne saƙo mai shafi bakwai da aka turo wayar Rayan, wadda da lambarta aka yi rajista. Rayan tana suyar albasa ta danna "na amince".

Ranar Asabar Ustaza ta zo da almakashi a jaka. Hanyar gida ta buɗe, Isam ya tsai da ranar tafiya, ita kuma ta kwana uku tana rarrashin zuciyarta cewa lokaci ya yi da za a yanke murfin a ba shi. Ta isa kanta ta ɗari biyu da sha huɗu, ta ɗaga hannu fitila ta kama, sai ga wani koren akwatin roba yana sheƙi, da ganye a goshi. Kayanta na ciki a jere, an ninke su da kyau. Ta sauka ofis.

"'Yata, ina kwalina?"

"Mabruk, ya Hagga," in ji Madam Safa, wato barka Hajiya da bakin Misirawa. "Mun ɗaga darajarki, kuma kyauta. Wannan akwatin da robar da aka sake sarrafawa aka yi shi. Yana kai shekara goma."

"Nawa ya yi ashirin da tara."

"Kwali yana tara kyankyaso, ya Hagga."

"Kin ga kyankyaso a ciki?"

"Ba a kanki aka fara ba. Tsari ne na ɗorewa, duk zauren muka sauya."

"Ni na koyar da wannan darasin tun ba a yaye ki ba," in ji Ustaza. "Hawa uku ne. A rage saye, a sake amfani da abin da ake da shi, in ya gagara sannan a narkar. Kun tsallake biyu kun dira a kan na uku, saboda shi ne mai inji, shi ne ke kyau a hoto. Kun kashe abin da ke aiki, kun sayo sabo daga wata ƙasa a jirgin ruwa, kuna jira a tafa muku."

Madam Safa ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Da Ustaza ta gaya mata abin da ke jikin murfin, fara'ar ta ɗauke, ta dafe baki, ta ce ma'alish har sau shida, kuma Ustaza ta yarda na ƙarshen daga zuciya ya fito. Amma ma'alish ba ya nuna kabari. Kafin ta fita wata ma'aikaciya da ba ta san abin da ake ciki ba ta biyo ta da takardar yabo, wadda ake ba duk wanda aka matse wa kwali. Takardar ta ce Mahasin Harun ta ceci rubu'in bishiya. An lulluɓe ta da leda mai sheƙi, irin wadda ba ta narkuwa.

Da ta tambayi inda aka kai gawar, ofis ya ce tana hannun abokan hulɗarsu na harkar muhalli, kuma sai an rubuta wasiƙa. Tsohon mai gadi, Amm Munzir, mutumin Sinnar, shi ya ja ta gefe.

"Wane abokin hulɗa, ya Ustaza? Abu Girgis ne, na Manshiyat Nasir, mai akori-kura. Shekara ashirin yana kwashe sharar nan. Yanzu dai sun ba shi koriyar riga, yana sawa in zai shigo, yana cirewa in ya fita."

Ranar Litinin ta tafi ita kaɗai, da gwiwarta da sandarta, motar haya biyu da keke mai ƙafa uku ɗaya, wanda suke kira tuk-tuk. Wanda bai taɓa zuwa unguwar ba, can ne sharar Alƙahira ke kwana, kuma can ne ake rarrabe ta da hannu, gida-gida, tun kafin a ƙirƙiro hoton ganye. Ta sami matar Abu Girgis, Umm Girgis, zaune a ƙasan gidansu tsakanin ɗaurin kwalaye, da ƙaramin gicciye a zane a wuyan hannu, da wuƙa mai ƙotar tsumma. Aikinta shi ne ta kwance duk ɗaurin da ya zo daga kamfanin. Injinsu yana matse kwali da salatif ɗinsa, masana'antar takarda kuwa ba ta karɓar salatif, don haka abin da inji ya ɗaure cikin minti biyu sai Umm Girgis ta yini tana warwarewa tana ɓarewa, sannan a sake ɗaurewa.

Ustaza ta fara kwatance, ba ta kai ƙarshe ba matar ta ɗaga wuƙa.

"Mai salatif kala shida? Naki ne? Allah Ya saka miki, ya Hagga, ya cinye min rabin yini."

"Yana ina?"

"Ya tafi masana'anta tun Alhamis. Wallahi na ji haushi. Irin wannan da an kawo min shi a tsaye, masu ƙaura za su ɗauka, ya ƙara shekara biyar. Su kuwa komai sai sun murƙushe shi tukuna."

Ustaza ta nemi wuri ta zauna a kan wani ɗauri. Ta ce akwai rubutu a murfin, da jan biro.

"Da sunan Allah a sama?"

"Da shi."

Umm Girgis ta miƙe, ta taka wani bokiti, ta kai hannu kan wata 'yar kanta da ke saman ƙofa. A can take tara duk abin da ta tsinta mai sunan Allah, shafin Linjila ne, kalandar masallaci ce, katin ɗaurin aure ne. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta san siffar Bismillah kamar yadda ta san fuskar maƙwabciyarta. Ƙarshen wata nasu ta kai coci, na Musulmi ta ba wani limami a ƙasan layi.

"Sunan Allah ba ya bin shara, ko na waye," ta ce, tana kaɗe ƙura. "Wannan ne?"

Shi ne. Murfin ya yage tare da ɗan gefe, kibiya guda tana nan. A nan, tsakanin ƙudaje da ƙarar injina, Ustaza ta karanta shi karo na farko, daga sama har ƙasa, sau biyu. Umm Girgis ta kawo mata shayi a kwalbar da a da ta zuma ce. Gawo yana nan, magudana tana nan, taku yana nan. Amma wayar ƙarfen da injin ya ɗaure shi da ita ta ratsa ta kan lambar Ja'afar, ta cinye lambobi biyu na ƙarshe.

Lamba biyu hanya ɗari ke nan. Ustaza ta ja layi a takarda kamar rajistar aji, ta fara daga sifili-sifili. Yawancin layukan a mace suke. Wani mutum a Kasala ya ce ba shi ne Ja'afar ba, amma in Hajja ba ta da miji a yi magana. Wata mata ta ɗauka gwaggonta ce da ta ɓata tun farkon yaƙi, suka yi kuka tare, suka yi sallama ba su san juna ba. Kwana uku ana haka. A kira na hamsin da tara wata murya ta ɗauka, iska tana kaɗawa a bayanta. Ustaza ta faɗi sunanta, ta faɗi watan, ta faɗi motar.

"Hajjar kwali?" in ji shi. "Ina kika shiga? Kullum in na wuce sai na yi masa sallama."

Ja'afar yana raye. Gawon ne babu. An sare shi an yi gawayi a shekara ta biyu ta yaƙi, magudanar kuma rairayi ya cike ta. Da Isam ya je da zanen kawai, da ya tsaya tsakiyar fili yana ƙirga taku daga iska. Ja'afar ya kewaye kabarin da duwatsu da ƙaya, ya hana a tone kututturen, kuma ya ce zai fito bakin hanya ya tari Isam. Wato duk faɗin murfin nan, abin da ya fi komai amfani shi ne daidai inda injin kare muhalli ya ci. Ustaza ta ajiye waya, ta dubi takardar yabon da ke cewa ta ceci rubu'in bishiya, ta daɗe tana dubanta.

Marigayin ya rasu ya bar igiyar nailan shuɗiya wadda suka yi shekara sha huɗu tare, yanzu tana shanya a baranda ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar jakar leda mai ratsi da suka ƙetaro Halfa tare, zif ɗinta ya mutu amma tana aiki. Ya bar gwangwanayen madara goma sha ɗaya, masu riƙe da barkono da maɓallai da allurai, da jan biro guda wanda tawadarsa ta ƙare ba a jefar ba. Koren akwatin roba ba ya cikin magada. An kawo shi gida ranar Laraba, Isam ya ɗaga shi daga mota, hannu guda ya ɓalle. Saura shekara tara da wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki a cikin goman da aka yi alkawari.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba. Masana'anta ta riga ta jiƙa shi ta dama, shi da ya rayu da hoton laima a ƙirji. An ce irinsu sukan dawo a matsayin faifan ƙwai, saboda haka wanda ya sayi ƙwai a nan yankin Madinat Nasr cikin watan nan ya ɗauka da hannu biyu.

Za a zauna karɓar gaisuwa daga Lahadi zuwa Talata, bayan la'asar, a gidan Ustaza, hawa na huɗu. Lif ba ya aiki, masu gwiwa irin tata su taho da wuri. Kowa ya zo da kofinsa. Kada a kawo ruwan roba. An gayyaci Umm Girgis, kujerarta tana kusa da ta mai gida. An gayyaci Madam Safa ita ma, ba da gatse ba, za ta sami takardar yabonta a ƙarƙashin butar shayi, inda a karo na farko take wani aiki. In tana son ta yi wa marigayin wani abu, ta sa a riƙa buɗe murfin kwalin mutane ana dubawa kafin a ba inji, ta kuma tambayi mai shi da baki. Duk wanda ya shigo za a miƙa masa biro da bayan tsohuwar ambulan, ya kwafi abin da ke jikin murfin da hannunsa, ya tafi da shi gida. Wanda ya ce zai ɗauka a waya za a karɓi kofinsa.

Abin da ya rage na marigayin zai bar Alƙahira ranar Alhamis a aljihun ƙirjin Isam. Bayan Isam ya tsaya a kan kabarin mahaifinsa ya yi masa addu'a, zai haƙa ɗan rami kamu guda daga duwatsun ya sa murfin, tunda akwai sunan Allah a jiki, kuma aikinsa ya ƙare. Mai son halarta, wurin shi ne Hillat Wad Sada, a hanyar Sinnar, bakin gonar Ja'afar. Daga kututturen gawo a fuskanci alƙibla, taku arba'in da ɗaya, sannan a yi hagu taku bakwai.

Ustaza ba za ta je ba, gwiwa ta hana. Abu guda ta roƙi Isam, in zai sa shi a ramin ya duba kibiyar, ta kalli sama. A hannunsu ba a taɓa kifa shi ba.